Yadda ake auna girman dokin sukuwa tsakanin mai gudun fili da mai tsallake shinge

Masu bin sukuwar dawaki a Ingila da Ailan sun daɗe suna musu kan wane ne ya fi, Frankel mai gudun fili ko Arkle mai tsallake shinge, alhali dawakin biyu ba sana'a ɗaya suka yi ba. Mai son yin hukuncin adalci sai ya bi abin daki-daki.

Da farko, ka san irin tseren da aka horar da dokin dominsa. Dokin gudun fili yana fara fita yana ɗan shekara 2, kuma wasu daga cikin manyan gasanninsa, irin su Derby ta Epsom mai nisan kimanin mita 2,400, na 'yan shekara 3 ne kawai. Idan ingarma ya yi suna, akan yi saurin janye shi domin a samu irinsa, kamar yadda aka yi da Frankel yana shekara 4. Dokin tsallake shinge kuwa yawanci an fiɗiye shi, saboda haka babu abin da zai sa a janye shi da wuri, ya kan kai shekara 10 ko fiye yana gudu, a kan hanya mai tsawo irin ta Grand National a Aintree, kusan kilomita 7 da shinge 30.

Daga nan sai ka duba waɗanda ya doke, domin nasara a kan raunana ba ta nuna komai. Frankel ya fita sau 14 tsakanin 2010 da 2012 bai taɓa shan kaye ba, amma abin da ya ƙara wa tarihinsa nauyi shi ne yadda ya riƙa barin wani doki mai suna Excelebration a baya, wanda shi kansa ya ci manyan gasanni a lokutan da Frankel ba ya cikin fili. Haka ma Arkle, wanda a 1964 ya ƙwace Kofin Zinariya na Cheltenham daga hannun Mill House, zakaran 1963, sannan ya sake cin kofin a 1965 da 1966.

Mataki na uku, wanda a ganina shi aka fi yin sakaci da shi, shi ne nauyin da doki ya ɗauka. A wasu gasannin ana ƙara wa gwani dalma a cikin sirdinsa domin a daidaita shi da sauran, kuma Arkle ya ci gasar Hennessy a 1964 da 1965 ɗauke da kusan kilo 79, yayin da abokan karawarsa ke ɗauke da nauyin da bai kai wannan ba ko kusa. Dokin da ya tsallake shinge bayan shinge cikin laka da sanyin hunturu da irin wannan kaya a bayansa, ya kuma iso gaba, ya nuna abin da agogo ba zai iya aunawa ba.

Ka yi hattara da alƙaluma. Kamfanin Timeform, mai auna ƙwazon dawakin sukuwa, ya ba Frankel maki 147, Arkle kuma 212, amma ma'aunin fili daban, na shinge daban, don haka ba a jera su wuri guda. Lokacin gudu ma yana canzawa da yanayin ƙasa, shi ya sa tazarar tsawon doki 31 da wani doki mai suna Secretariat ya bayar a gasar Belmont ta Amurka a 1973 take da ma'ana fiye da daƙiƙoƙi kaɗai.

Sai kuma daɗewa. Wani dokin shinge mai suna Red Rum ya ci Grand National a 1973 da 1974 da 1977, ya zo na biyu a shekaru biyun da ke tsakani, kuma bai kamata a ce Frankel ya gaza ba don bai yi haka ba, tunda ba a ba shi shekarun ba.