Babi na 7: Nawa Kare Yake Ci a Shekarar Farko?

Darasi na 1: Jera kuɗi a littafi

Mutum yakan karɓi ɗan kwikwiyo kyauta a wurin maƙwabci, ya ce ya samu karen gadi a banza. Kyautar ta ƙare ranar da ya shigo da shi gida, daga nan sai ɗawainiya. Yau za mu rubuta ɗawainiyar nan.

Ku buɗe sabon shafi. Ku ja layi daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu biyu. Sunan abin da aka saya a hagu, kuɗinsa a dama, wato ɓangaren hannun cin abinci. Kuɗin da na sa misali ne kawai, ku tambayi farashin garinku.

Sarƙa da kwano: 3,000
Allurar rigakafi: 5,000
Maganin kaska: 500

Yanzu ku natsu, a nan ake tuntuɓe. Sifilin ƙarshe na kowane kuɗi ya zauna daidai ƙarƙashin sifilin ƙarshe na wanda ke samansa. Daga dama ake daidaita su. Ku ɗora yatsa a kan sifilin ƙarshe na 5,000, ku sauko da shi ƙasa a miƙe. Ya sauka a kan sifilin ƙarshe na 500? Madalla. In bai sauka ba, ku goge ku sake. Ba abin kunya ba ne, don haka aka yi magogi.

Makon jiya wani dattijo a ajin nan ya rubuta 5 ɗin 500 a ƙarƙashin 5 ɗin 5,000. Da ya haɗa sai ya samu 13,000, ya riƙe baki yana cewa shi ya fasa riƙon kare. Alhali jimlar 8,500 ce. Ya iya haɗawa sarai, jerin ne ya karkace. Sifili a ƙarƙashin sifili, daga dama. Ku faɗa da baki sau uku kafin ku ɗora fensir.

Na sha faɗar wannan, amma har yanzu wasunku daga hagu suke farawa. Haba jama'a! Gaggawar me ake yi? Wanda ya kawo mini jeri a karkace gobe, zai sake shafin tun daga farko.

Darasi na 2: Abinci

Ragowar tuwo ba ta isar kwikwiyo mai girma, sai an haɗa masa da ƙashi daga wurin mahauta ko kan kifi. A ce naira 200 kullum. Kwana 30 ya zama 6,000. Wata 12 ya zama 72,000. Kun ga ƙaramin kuɗin nan da ba a kula da shi ya fi sauran duka nauyi. Ku rubuta 72,000 a ƙarƙashin 8,500. Daga ina za ku daidaita? Daga dama.

Darasi na 3: Allura

Kada a yi rowa a nan. Idan kwikwiyo ya kai wata 3, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar ciwon haukar kare, a karɓi katin shaida, a sake ta kowace shekara. Ana haɗa irin wannan allurar a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, jihar Filato. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti ranar.

Darasi na 4: Jimla

Ku ƙara kuɗin maganin tsutsar ciki da kuɗin mota zuwa asibitin dabbobi. Ku haɗa duka. Ku zo da littafin ranar Litinin.