Darasi: Maganin Rigakafin Fuka Ga Yara

Fuka, wadda ake kira asma, ciwo ne na hanyoyin iska da ke cikin huhu. Hanyoyin kan kumbura daga ciki, su tara majina, su tsuke. Shi ya sa yaro ke yawan tari da dare, numfashinsa yana fita da ƙara kamar fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a 2019.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Na farko shi ne mai buɗe hanya, wato salbutamol, wanda galibi shuɗi ne. Idan fuka ta tashi, cikin mintuna kaɗan yake sauƙaƙa numfashi. Amma ba ya taɓa kumburin.

Na biyu shi ne na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide. Aikinsa kwantar da kumburin a hankali, kuma yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin a ga amfaninsa. A nan iyaye da yawa ke yin kuskure. Yaro ya daina tari, yana wasa, sai a ce ya warke a ajiye magani. Alhali lafiyar da ake gani aikin maganin ce. Da an daina, kumburin zai dawo. Ku ba shi kullum yadda likita ya tsara, ko da yaron garau yake, kuma likita ne kaɗai zai rage ko ya tsayar.

Wasu na tsoron jin cewa akwai sitiroyid, wato sinadarin da ke kwantar da kumburin, a cikin maganin rigakafin. Kaɗan ne ƙwarai, kuma huhu yake nufa kai tsaye. Haɗarin barin fuka ba magani ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Yadda ake bayarwa: a girgiza maganin, a haɗa shi da bututun shaƙa, wato 'yar gorar da ake sawa tsakanin maganin da bakin yaro, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi sau biyar ko shida. Idan fesa biyu aka rubuta, sai a sake daga farko. Ƙaramin yaro ana sa masa mai murfin da ke rufe hanci da baki. Bayan an gama ya kurkure baki ya zubar, don kada farin ƙuraje su fito masa a baki.

Ku nisanta shi da hayaƙin taba da na girki da ƙura. Idan yana buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa daga barci, ku koma wurin likita. Idan kuwa ya kasa magana, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canja launi, ku ba shi shuɗin ku garzaya asibiti nan take.

Tambaya: Wane magani ake bai wa yaro ko da lafiyarsa lau, kuma me ya sa?