Yadda ma'aikaci a Birtaniya zai nemi diyya idan an yi rage ma'aikata ba da shawara ba

A Ingila da Wales da Scotland, dokar ƙwadago ta 1992 ta wajabta wa duk kamfanin da zai sallami ma'aikata 20 ko fiye a wurin aiki ɗaya cikin kwana 90 ya fara zama da wakilansu. Idan waɗanda za a sallama sun kai 20 zuwa 99, a fara shawarar aƙalla kwana 30 kafin a sallami mutum na farko. Idan sun kai 100, kwana 45. Dalilin zaman shi ne a duba ko za a iya kauce wa sallamar, ko a rage yawan waɗanda za ta shafa. Da kamfanin jiragen ruwa na P&O Ferries ya kori ma'aikata kusan 800 a watan Maris na 2022 ta hanyar saƙon bidiyo, wannan mataki ne ya tsallake.

Da farko, ka ƙirga mutanen da aka sallama a reshen da kake aiki, domin doka tana duba wurin aiki ne, ba kamfanin baki ɗaya ba. Nan ne ma'aikatan ƙananan shagunan Woolworths suka yi asara bayan kamfanin ya durƙushe, saboda ba su kai 20 a kowane shago ba, kuma a ganina an ƙware su.

Sannan ka adana takardar sallama da takardun albashi da duk saƙon da aka aiko maka. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago da kamfani ya amince da ita, ita ce za ta shigar da ƙara. Idan babu ita kuma ba a zaɓi wakilai ba, kana iya shigarwa da kanka. Dole ne ka fara tuntuɓar hukumar sasanci ta Acas kafin ka je kotun ma'aikata, kuma kada ka bari wata uku su cika daga ranar sallama. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, ba a kuma tambayar shekara nawa ka yi kana aiki.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, wannan diyya horo ce ga kamfani, ba cike gurbin asararka ba ce, don haka samun sabon aiki washegari ba ya hana ka ita. Shekara da shekaru iyakarta albashin kwana 90 ne, kafin dokar 2025 ta ninka ta zuwa 180. Inda ba a yi shawara ba ko kaɗan, alƙali yakan fara lissafi ne daga mafi yawan kwanakin da doka ta yarda.

Ko kamfanin ya karye, kada ka haƙura. Da zarar kotu ta yanke hukunci, asusun gwamnati zai biya ka diyyar da ba ta wuce ta mako 8 ba, bisa iyakar da doka ta sa wa albashin mako.