In not ɗinka sun faɗi kuma kanka ya ƙi ɗaukar karatu, ga inda za ka fara

Ƙannena 'yan iniversite maganar nan taku ce, musamman wanda aka manna sakamako ya tsaya yana bin layin sunanshi da yatsa ya ga 6, ya ga 7 bisa 20, ya koma gida ko tuwo ya kasa ci. Ni ma na tsaya a wurin nan a shekarata ta biyu, kuma abin da na yi bayan haka shi ya ƙara kada ni, na ce daga yau ba barci, ataya zagaye uku, Nescafé a bisa, kaye a buɗe har kiran assalatu. Wata guda ina haka sai ya zamana in karanta shafi sau huɗu ban san me ke ciki ba, ko ƙofar amfi, babban ɗakin da ake ba mu darasi, na hango sai gabana ya faɗi.

Wannan ba ƙyuya ba ce, kar kowa ya gaya maka haka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiyar da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Ita ma'aikata take nufi, amma wallahi duk ukun na gan su a jikina ina ɗalibi.

Don haka barci za ka fara gyarawa kafin ka taɓa kaye. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye. Na san Damagaram, Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗaki kamar tanda, ga wuta ta ɗauke, to ka fid da tabarma tsakar gida ka ɗaura gidan sauro, portabul ka bar shi cikin ɗaki. Ataya kar ta wuce la'asar. Karatu mai nauyi ka mai da shi bayan asuba, lokacin da gari ke da sanyi-sanyi kuma yara ba su tashi ba, awa biyu na wannan lokacin sun fi dare guda na gyangyaɗi. Duk wanda ya miƙo maka tramol a fada ya ce tana buɗe kai, ka ce mishi a'a, ƙwaya ce mai kama mutum.

Bayan sati guda haka sai ka ɗauko takardar not ɗinka ka zauna da bik, nan ne mutane da yawa ke gudu, ni kaina sai da na yi kwanaki tana ninke cikin aljihun jaka ban buɗe ba. Ka buɗe. A tsarin LMD (lisans, masta, dakta) da ake bi a jami'o'inmu, har da jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, lisans shekara 3 ce, semestir 6, kowane semestir kredi 30 (kredi shi ne ma'aunin nauyin darasi), duka 180, kuma 10 bisa 20 ake nema. Ka rubuta darussan da ka ci gefe guda, waɗanda suka rage gefe guda, kowanne da kredinshi. Sau da yawa za ka tarar abin da ke hana ka barci darasi biyu ne ko uku, ba shekarar gaba ɗaya ba. Wanda ka samu 8 ko 9 kuma kredinshi ke da yawa shi za ka fara kamawa don ratarapaj, wato jarrabawar da ake sake yi ma wanda ya faɗi, wanda ka samu 3 yana son lokaci mai tsawo, kar ya cinye maka sauran. Sannan ka je ofishin fakulte ka tambaya da bakinka yadda not mai kyau ke ɗaga maras kyau a wurinku, kar ka dogara da abin da aka tura a gurup ɗin WhatsApp.

Ka je wurin mushe ma, wato malamin darasin. Ka gaishe shi da ladabi ka ce ranka ya daɗe, a ina na kauce a jarrabawar nan? Ni da na yi haka aka nuna mini takardar jarrabawata, ashe ba rashin sani ba ne, tambaya daban amsa daban, na juye duk abin da na haddace ban karanta abin da aka tambaya ba.

Yadda kake karatun ma a canza. Maimaita karanta kaye yana sa ka ji kamar ka iya, alhali ido ne ya saba. Ka karanta shafi, ka rufe, ka rubuta abin da ka riƙe a farar takarda, ka buɗe ka ga inda ka zubar, bayan kwana biyu ka sake. Ka nemi tsofaffin tambayoyi wurin na gaba da kai. Abokan karatu biyu sun isa, in sun wuce haka hira ce.

Gida kuma a faɗa musu gaskiya, ko Baba ko Inna ko yaya wanda kuka fi shiri. Ke da kike tashi neman ruwa da girki kafin ki tafi kur, da kai da kake kabu-kabu da dare don kuɗin fotokofi, ku roƙi a rage muku na wata guda kafin jarrabawa.

In an yi sati biyu ko fiye barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, ka aje kaye ka je wurin likita yau, ka tafi da wani naka ya raka ka.