Yadda na gyara yatsana da ya goce

Ina tsaron raga a Unguwar Rogo da ke Jos ƙwallo ta daki kan yatsana na tsakiya, gaɓar tsakiya ta goce, yatsan ya karkace. Abokai suka ce a ja shi kawai, wasu suka ce sai mai ɗori. Na ƙi, domin ido ba ya bambanta gocewa da karaya, kuma ja yakan ƙara ɓarna idan ƙashi ya tsage.

Zoben azurfana na fara cirewa tun kumburi bai riƙe shi ba, na naɗe ƙanƙara a tsumma na ɗora. A asibiti hoto ya nuna gocewa ce da ɗan ɓallin ƙashi. Likita ya yi allurar kashe zafi a gindin yatsan, ya mayar da gaɓar, aka sake hoto.

Daga nan ya haɗa shi da yatsan kusa da filasta, auduga a tsakani, ya ce in riƙa lanƙwasa shi a hankali, don gaɓar da aka ɗaure fiye da mako 3 sandarewa take yi. Sanyin safiyar Jos kuwa ba ya raga wa gaɓa, sai na tsoma hannun a ruwan ɗumi sannan yake lanƙwasuwa. Kumburin ya ɗauki watanni kafin ya saɓe.