Darasi na 6: Yadda Ake Haɗa Kalmar Sirri Mai Ƙarfi

To jama'a, a darasin da ya wuce mun buɗe imel, kowa ya ga akwatin nan da ake cewa a sa kalmar sirri, wato fasuwod. Yau a kanta za mu tsaya, don a nan ake cin mutane da yawa.

Kun san kalmar sirrin da ta fi yawa a duniya? 123456 ce, ba wasa ba. A 2009 masu kutse sun shiga rumbun wani kamfanin Amurka mai suna RockYou, suka kwashe kalmomin sirri sama da miliyan 32 suka watsa a intanet, da aka zo dubawa sai ga 123456 a sahun gaba. Kuma wannan jerin har yau yana hannun ɓarayi, da shi suke fara gwaji. Ɓarawon intanet ba zama yake yi yana canki-canka da yatsa ba, kwamfuta yake sawa ta yi ta gwadawa dare da rana, ita kuwa ba ta gajiya ba ta jin barci.

Sai kuma masu sa sunansu da shekarar haihuwa, ko sunan ɗan fari, ko lambar wayarsu. Haba! Duk wanda ya leƙa shafinka na Facebook ai ya gama da kai. Wasu kuma sai su ce sun yi wayo, su cire harafin a su sa @, su cire o su sa sifili. Wannan dabarar ta tsufa, manhajojin kutse sun san da ita tuntuni.

Abin da ke ba kalmar sirri ƙarfi shi ne tsawo. Bari mu yi ɗan lissafi. Lamba huɗu, irin ta katin cire kuɗi, hanyoyin jera ta 10,000 ne kacal, kwamfuta kafin ƙiftawar ido ta gama da su. In kuma haruffa ne, kowane harafi ɗaya da ka ƙara yana ninka wahalar ɓarawo sau 26, to ka ga mai haruffa 8 da mai 14 ai ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Shi ya sa a 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin irin wannan, ta fi ba da ƙarfi ga tsawo a kan cusa alamomi barkatai.

Yanzu za ku ce, malam, wa zai iya haddace haruffa goma sha huɗu? Da sauƙi. Ka ɗauko kalmomi huɗu da babu abin da ya haɗa su, ka jera, ka saka lamba a tsakani. Misali:

Fitila-raƙumi-47-girgije-allura

Ka rufe ido ka hango raƙumi ɗauke da fitila ya kutsa cikin girgije yana neman allura. Abin dariya ne, kuma shi ya sa zai zauna a kai. Amma fa kar wanda ya kwafi wannan, tunda ta shiga littafi ta daina zama sirri. Kuma kar a ɗauko karin magana ko baitin waƙar da kowa ya sani. In shafin ya ƙi karɓar ƙ ko ɗ sai a sa k da d.

Kowane akawun da tasa kalmar, wannan kam babu sassauci. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi akawun biliyan 3. In ɓarawo ya samu kalmarka a wuri ɗaya, nan take zai gwada ta a imel ɗinka da banki da sauransu, in duk iri ɗaya ce shi ke nan makulli ɗaya ya buɗe ɗakuna duka. Ta imel ita za a fi yi wa gata, don can ake turo saƙon canza sauran.

Ni dai ban ga laifin rubutawa a ɗan littafi a ɓoye a gida ba, ya fi a sa mai sauƙi don tsoron mantuwa, sai dai kar a manna ta a bayan waya. Wayoyin Android da iPhone ma suna da ma'ajiyar kalmomin sirri a cikinsu.

Sannan a kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda bayan kalmar sirri sai an turo wata lamba a waya. Lambar nan ba a ba kowa, ko da mutum ya kira da murya mai daɗi ya ce daga banki yake ko daga WhatsApp.

Aikin gida: kowa ya zaɓi kalmomi huɗu nasa, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa, ya fita ya sake shiga sau uku ba tare da duba takarda ba. Ranar darasi na gaba ba sai an nuna wa malam ba, a dai faɗa masa ko ta shiga.