Darasi na Tara: Wane Baƙin Mai Ya Dace da Tsohon Inji?

Yawancin motocin da ke kai mu kasuwa da gona sun kwana biyu. Akwai Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, kuma har gobe wasunsu na jigila tsakanin ƙauyuka. Akwai Golf, akwai akori-kura, akwai 'yan Kwatano da suka sha tafiya a Turai kafin su faɗo hannunmu. Mai irin wannan mota in ya shiga shagon mai ranar juye, zai tarar da galan iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. A wannan darasi za mu koyi karanta rubutun jikin galan, mu kuma san wanda ya kamata mu saya.

Me baƙin mai yake yi?

A cikin inji ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Baƙin mai shi ke shiga tsakaninsu don kada su ci juna. Yana kwashe zafi, yana wanke datti ya kai wa filta, yana kuma taya ringi toshe 'yar kafar da ke tsakanin fistin da bangon silinda.

Iri biyu

Na farko shi ne na gargajiya, wanda ake tacewa daga ɗanyen mai. Ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba, kamar garin da aka niƙa ba a tankaɗe ba, da tsaki a ciki. Idan zafi ya tsananta yana saurin gajiya, ya yi laka.

Na biyu shi ne sintetik. A jikin galan za ka ga an rubuta Synthetic. Shi a masana'anta ake sarrafa shi har ƙwayoyinsa su daidaita, kamar tankaɗaɗɗen gari. Ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma da sanyin safiya ya fi saurin kewaya inji. Akwai kuma gaurayen su biyun, mai rubutun Semi-Synthetic, kuɗinsa tsaka-tsaki.

Lambobin jikin galan

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don haka mu tsaya mu karanta da kyau. Za ka ga 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Lambar da ke kafin harafin W tana nuna yadda mai ke gudana lokacin sanyi: in ta yi ƙasa, mai ya fi saurin gudu da asuba. Lambar ƙarshe ita ce kaurin mai bayan inji ya ɗau zafi, kuma a digiri 100 ake auna ta. Wato 50 ya fi 30 kauri. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, lambar ƙarshen ce ta fi damun mai tsohuwar mota.

A lura da wannan: sintetik ba ya nufin mai ruwa-ruwa. Ana samun sintetik mai kauri, ana samun na gargajiya marar kauri. Iri daban, kauri daban.

Akwai kuma haruffa bayan kalmar API. Wanda ya fara da S, kamar SL ko SN, na injin fetur ne. Wanda ya fara da C na injin dizal ne.

"Ai sintetik yana sa tsohon inji yoyo"

Wannan magana ana yawan jin ta a gareji, kuma ba a banza ta taso ba. Wasu daga cikin man sintetik na farko-farko ba su jitu da robar sil ta wancan zamani ba, wato robar da ke hana mai ɗiga daga inji. An daɗe da gyara wannan. Amma har yau abu biyu na faruwa.

Tsohon inji da ba a yi masa juye a kan kari, laka na taruwa a cikinsa, har ta liƙe bakin sil ɗin da ya bushe ya tsage. Sabon mai mai ƙarfin wanki in ya shiga sai ya share lakar, yoyon da ke ɓoye ya fito fili. Sil ɗin dama ya mutu, mai tona shi kawai ya yi.

Na biyun ya fi yawa. Direba ya saba da 20W-50, sai ya sayi sintetik 5W-30 don an ce masa ya fi kyau. Injin da ƙarafansa suka zaizaye, kafofinsa suka buɗe, ba zai riƙe mai marar kauri ba. Sai ya fara shan mai, ya yi ƙara, wani lokaci fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in mota na tsaye tana aiki. Laifin na kauri ne, amma sintetik ake ɗora wa.

Duba injinka kafin ka yanke shawara

Ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ka kashe ta, ka jira kamar minti goma. Zaro sandar awon mai, ka goge da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kamata mai ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar. Yi haka duk mako ka rubuta abin da ka gani. Buɗe murfin zuba mai ka leƙa. In ka ga baƙar laka kamar kwalta, inji ya yi datti. In mai ya koma launin shayi da madara, ruwa ne ya shiga, wataƙila gasket ya ƙone; wannan aikin bakanike ne, ba galan ɗin da zai warkar da shi. Hayaki mai shuɗi-shuɗi daga salansa kuma alama ce inji na ƙona mai.

Shawarata ita ce: idan injinka tsoho ne amma tsab yake, ba ya yoyo, ba ya hayaki, sintetik mai kaurin da littafin motar ya faɗa zai amfane shi, musamman in kana doguwar tafiya cikin rana ko kana yini a cunkoso. Idan kuwa yana sha yana ɗiga, zuba masa mai tsada asara ce. Ka tsaya a kan na gargajiya mai kyau, 20W-50 ko 15W-40, ka tara bambancin kuɗin ka gyara sil da ringi.

Game da juye, an saba yi wa na gargajiya a kilomita 5,000, sintetik kuma yakan kai 10,000 a lafiyayyen inji. Kada mai tsohuwar mota ya dogara da wannan lamba ta biyu. Ƙurar hunturu na shiga, hayaƙin da ke kuɓuce wa ringi na ɓata mai, injin kafireta kuma yakan tsarma shi da fetur. Kowane juye a sauya filta. In agogon kilomita ya mutu, rubuta ranar juye a littafinka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jabu. Ana tace tsohon mai a ɗura a galan mai kyan gani, talaka ya biya kuɗin guminsa ya sayi abin da zai kashe masa inji. Ka duba hatimin murfi bai ɓalle ba, ka saya inda ka yarda da su, ka kuma tsaya a buɗe galan a gabanka. Masu babur su nemi mai alamar JASO MA, domin wasu man mota na sa kulocin babur santsi.

Aikin aji

Kuɗin nan na gwaji ne. Ku sauya su da farashin kasuwarku.

1. Galan na gargajiya naira 18,000, ana juye a kilomita 5,000. Galan na sintetik naira 45,000, ana juye a kilomita 10,000. Filta naira 3,000. Nawa za a kashe a kowanne cikin kilomita 10,000?
2. Idan injin na shan lita 1 a kowace kilomita 2,000, lita nawa za a yi ciko cikin kilomita 10,000?
3. Tsakanin 10W-40 da 20W-50, wanne ya fi kauri in inji ya yi zafi?
4. A darasi na gaba kowa ya zo da galan da babu komai a ciki, mu karanta rubutun jikinsa tare.